Lambar da Malam Ya Ce Ba Ta Rabuwa

Ina riƙe wa Malam littafin a kan gwiwata, shi kuma yana kwance ba lafiya, yana ta fama da fensir. Lissafin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da muka shafe awa guda.

"Da saura," in ji shi. "Rubuta min, Tela."

Na rubuta. Wallahi na gaji, ɗinkin mutane jibge a shago, amma wa zai ce wa maƙwabcin shekara ashirin a'a?

Malam tsohon malamin lissafi ne. Wata rana a aji ya rubuta wata doguwar lamba mai gida tara a allo, ya ce babu abin da ke raba ta ba saura, sai ɗaya da ita kanta. Wata ɗaliba ta tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya rasa amsa, abin ya tsaya masa a rai. Da ya ajiye aiki sai ya ɗaura niyyar gwada ta da hannu, rabawa ɗaya kullum, yana bin lambobin da su ma ba sa rabuwa kaɗai. Shekara tara yana yi, littafi goma sha huɗu a ƙarƙashin gado. Saura rabawa arba'in ya tabbatar da maganarsa, ciwo ya kwantar da shi.

'Yarsa ta fari ce ta ja ni zaure. Ta ce ta ga ba zai kai ba, shi ya sa ta saka lambar a waya don ta kai masa albishir. Ta miƙo min wayar. Ashe lambar tana rabuwa da ɗari uku da arba'in da bakwai. Malam ya wuce wurin tun watansa na uku da farawa.

"Kawu, in faɗa masa?"

Ni da almakashi kawai na sani, ina ni ina wannan shawara? Na ce ta bari tukuna.

Da muka koma ɗaki ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ya riga mu tafiya, mu ƙarasa masa arba'in ɗin, kada mu yi ha'inci da waya. Na ce to. Kunya ta kama ni har na kasa kallonsa.

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, an yi rabawa shida. Allah ya jiƙansa.

Bayan mutane sun watse, muka jawo littafin farko. Ga shafin da ya raba da ɗari uku da arba'in da bakwai, rubutu tsaf, sai dai a layi na uku ya ari ɗaya ya manta bai mayar ba. 'Yar ta ɗauko jan biro daga kan teburinsa, ta cire marfin, ta daɗe hannunta na tsaye a kan layin. Can ta mayar da marfin, ta shafa takardar da tafin hannu, ta rufe littafin.