Fetur Daga Iska a Maigatari

Magdalena 'yar Pankshin ce, masaniyar sinadarai, ita ke kula da wata na'urar gwaji a bayan garin Maigatari. Na'urar tana zuƙe gurɓatacciyar iskar da ke ƙara wa duniya zafi, ta mayar da ita mai. Da aka ba su tallafin bincike, ita da abokan aikinta, sai labari ya bazu a kasuwa cewa an kusa daina sayen fetur.

Wata rana da hantsi Alhaji Ilu ya zo, mutumin da babura ke tsallaka masa da jarkokin mai zuwa Nijar. Ya gaishe ta da ladabi, ya daɗe yana kallon fankokin na'urar.

"Alhaji, gwaji ne kawai," ta ce. "Ko kwalba ba ma cikawa a mako."

"Yau ke nan, Madam," ya ce. "Ai ba don kwalba aka aiko muku da tallafi ba." Ya gyara hularsa. "'Yarki Hope ce mai jar jaka ko? Nakan gan ta tana dawowa daga makaranta ita kaɗai."

Ba ta taɓa gaya masa tana da 'ya ba.

Washegari maigadin na'urar bai zo ba, 'yan acaɓa kuma suka riƙa wuce ta kamar ba su san ta ba. Sai ta kai Hope Gumel wurin ƙanwarta. Da ta dawo aiki, ta tarar da wasu mutanen da ba ta sani ba zaune a bakin ƙofar wurin na'urar. Ta gaishe su, ba wanda ya amsa.