Lissafin da Ba Ya Ƙarewa

Goran kamun kifin Ya'u ne kaɗai ya dawo, yana ta juyi a bakin fadama kamar mai neman ubangidansa. Tun daga wannan damina Zainaba take zuba tuwon mijinta Ya'u a akushi ta rufe da faifai, da safe ta ba kaji. Ta ƙi shiga takaba. Wanda ba a ga gawarsa ba, in ji ta, matafiyi ne.

Ɗanta Isa yana jami'a, inda aka girke wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ta cika ɗaki guda. Ranar da ya zo hutu Haɗeja, ko takalmi bai cire ba Kawu Fannami, yayan Zainaba, ya tare shi a zaure.

"Ta ƙi jin malamai, amma ta yarda da injin nan naku. Ka ce mata ya ce Ya'u ya rasu, ta huta."

Abin da Kawu bai sani ba, Isa ya riga ya tambayi na'urar. Ya huhhuda katunan da ake ba ta bayani da su, ya sa tsayin ruwan shekarar da kowane reshe na kogin, ya ce na'urar ta lissafa inda ambaliya za ta kai mutum. Ta haɗiye katunan, fitilunta suka yi ta ƙiftawa. Duk inda ruwa ya rabu biyu, lissafin ma sai ya rabu. Har yanzu in ya rufe ido yana jin gunjinta, tamkar kogi a bayan gida.

Ya iske mahaifiyarsa tana sheƙar shinkafa.

"Ka tambayo mini?"

Ƙaryar ta zo har bakinsa ta maƙale.

"Na tambaya, Iya. Ba ta ce ya rasu ba, ba ta ce yana raye ba. Tana cikin lissafi aka kashe ta."

"Da an bar ta, da ta gama?"

"Allah masani. Na'ura in ta yi shiru, ba kullum ake gane ko ta kusa amsa ba ne, ko ba za ta taɓa gamawa ba. Manyan malamanmu ma nan suka cije."

Ta ajiye faifan. "Ashe ita ma jira take, baiwar Allah. Wa ya kashe ta?"

"Ni ne, Iya. Na gaji."

Ta daɗe tana kallonsa, shi kuwa tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da goran ya dawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da sheƙa.

Da aka sauke tuwo, ta cika akushin Ya'u kamar kullum. Ba ta rufe shi ba. Ta ajiye a gaban Isa.

"Ci," ta ce, "kada ya huce."