Tagar Ɗakin Surukata

Wanda ya ga kana shirin yin kuskure, ya faɗa maka sau ɗaya ya ja bakinsa, daga baya ya zo ya fitar da kai, godiya kaɗai ta kamace shi ko har da ɗan ƙorafi? Shekara shida ke nan ina juya wannan a raina, ban gama ba.

Ni haifaffen Kitami ne, can arewa. Shekarar da surukina Genzo ya rasu muka dawo ƙauyen matata Sumie a duwatsun Niigata, saboda mahaifiyarta ba ta iya tashi. Ɗakinta a ƙasa yake, shimfiɗarta a jikin wata babbar tagar gilashi. Abin da ya rage mata na duniya ta wannan tagar take ganinsa.

Ƙarshen Nuwamba kowa ya shiga jera katako a tagogin ƙasa don kare su daga dusar ƙanƙara. Maƙwabcinmu Baba Tsuneo, tsohon kafinta, ya leƙo ta kan shinge.

"Surukin Genzo, taku fa? Ina da katako."

"Baba, a garinmu yanzu dusar ƙanƙara ta yi sati uku a ƙasa. Ku nan har yau ruwan sama kuke sha. Sanyinmu gashin hanci yake daskarar da shi, kuma ban taɓa ganin wanda ya toshe tagarsa ba."

"Taku da me kuke kwashe ta?"

"Wata rana ma tsintsiya ta isa."

"Tsintsiya," ya maimaita. "Tamu dai ba ta da sauri, amma tana da jiki. Ka rufe."

Na ce ba zan mai da ɗakin tsohuwa kabari ba. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Sauran rabin shi ne ban so ɗan kudu ya koya mini sanyi. Ya ce, "To." Bai sake tayar da maganar ba. Sumie ta yi nata ƙoƙarin, na ce mata ta daɗe a birni ta manta.

Ana sauran kwana huɗu sabuwar shekara, dusar ƙanƙara ta sauko. Kwana uku ba ta tsaya ba. Abin da Kitami ke tarawa a wata biyu, nan ya zubo kafin in gama mamaki. Kuma ba irin busasshiyar nan mai kamar gari da na sani ba ce. Jiƙaƙƙiya ce, shebur ɗaya sai ka ji shi a ƙugu. Na hau rufi na yi ta turo ta ƙasa kamar yadda na ga ana yi. Ban lura ba duk a jikin tagar nake tara ta.

Da na sauko, Sumie ta ja ni ɗakin. Duhu da rana tsaka. Gilashin ya ɗan lanƙwaso ciki, yana wata 'yar ƙara. Tsohuwa na kwance a ƙarƙashinsa, ta dube ni ta ce, "Noboru, ka sha shayi tukuna, ka jiƙe."

Muka ja shimfiɗarta zuwa bango. Na fita da shebur. Na tarar da Baba Tsuneo ya riga ni, ya nutse har ƙugu yana haƙa.

"Ɗan arewa, ina tsintsiyar?"

Na kafa shebur kusa da shi. Muka haƙa har gilashin ya fito, bai fashe ba. Sai ya nuna mini katako takwas jingine da shingensa. Na ɗora ɗaya a tagar, ya zauna daidai, ko yatsa ba ya shiga.

"Yaushe ka auna?"

"Ranar da kuka kai ta asibiti. Genzo ne ya saba yi, nasa sun ruɓe."

"Baba, ka san haka za ta faru. Me ya hana ka matsa mini?"

"Da na matsa, da ka ji?" Ya share hanci da bayan safar hannu. "Kullum da safe ina duba tagar nan, kai ne ba ka gani na. Kar ka sa na saman guda biyu, tana son ganin dutse."

Ya miƙo mini guduma. Na karɓa, na ce ya nuna mini inda ake farawa.