Kafinta da Tambayoyin Kemistiri

Ana gobe jarrabawar kemistiri, kafinta bai buɗe shago ba. Akwai ƙofar wani mutum da ya yi alkawarin kaiwa ranar, ya bar ta jingine da bango ko fenti bai shafa mata ba. Ya ɗauko littafin tambayoyin shekarun baya, ya zauna a kan benci a tsakar gida.

'Yarsa ta fari ce za ta rubuta. Tun tana rarrafe yake kiranta Likita, har sunan ya bi ta, maƙwabta ma da shi suka san ta. Bara ta ci komai ban da kemistiri. Makarantar koyon aikin jinya ta yarda ta ajiye mata gurbi, amma zuwa bana kawai. In ta kawo sakamako ta shiga, in ba ta kawo ba a ba wani.

Shi dai bai san kemistiri ba. Karatunsa bai wuce ya karanta awo ya rubuta sunan mai aiki a jikin katako ba. Amma da ya duba littafin sai ya ga ai wannan zai iya: tambaya ce, sai amsoshi huɗu, can baya kuma an jera na daidai. Ya zaro fensirinsa daga bayan kunne ya bi ya ɗiga alama a gefen kowace amsa ta daidai, don kada ya riƙa juya shafi. Kullum ya dawo da yamma, shi ke karantawa, ita ke amsawa. Da farko sai ta yi ta faɗuwa, shi kuma abinci ya ƙi shiga cikinsa. Daga baya abin ya miƙe. Sai su gama shafi guda ba ta kuskure ko ɗaya ba, ya tafa, ya leƙa ɗaki ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Wannan karon sai dai su nemo wata tambayar."

Ranar ma haka suka fara. Likita na zaune a ƙasa ta jingina da bango, idonta ya yi ja, uwarta na can gefe tana shanya.

"Wace iska ce ke fitowa idan aka zuba asid a kan tutiya?" Ya gyara zama. "A, oksijin. B, naitirojin. C, haidirojin. D..."

"C ce," in ji uwar daga bayan zanin da take shanyawa.

Kafinta ya ɗago. "Ke kuma wa ya saka ki?"

"Ba ita ba ce?"

"Ita ce, amma dace kika yi."

"To ƙaro wata."

Ya ƙaro, yana murmushi. Ta sake faɗa daidai. Ya juya shafi ya nemo wata mai dogayen sunaye da shi kansa sai da harshensa ya harɗe kafin ya fita. Ta matse riga, ta yarfe, ta ce, "B."

Murmushin ya tafi. "Littafin kike dubawa in na fita?"

"Ni da rabona da aji tun kafin in san ka? Ko sunan abin ba zan iya maimaitawa ba. Kai ne ai, Baban Likita. Sauran ukun sai ka bi ta kansu da gudu kamar ana korarka. In ka zo kan ta daidai sai ka ja numfashi, ka sassauta murya kamar mai lallashin jariri. Ko kazar gidan nan ta gane." Ta yi dariya. Da ta ga ba wanda ya taya ta, sai ta daina, rigar na ɗiga a hannunta.

Ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai tana jan zaren bakin zaninta.

"Ƙarya ne," ya ce wa matarsa, amma muryar ba ƙarfi. "Bari ki gani."

Ya daidaita murya, ya karanta ta gaba a miƙe kamar mai sanarwa. Bai kai ƙarshe ba da kunnensa ya ji yadda maƙogwaronsa ya yi laushi a kan ta ukun. Ya rufe baki. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko abin goge fensir, ya goge alamomin shafi biyu har takardar ta kusa hujewa. Ya miƙa wa Likita littafin da biro.

"Karanta da kanki, ki rubuta. Ba zan ce komai ba."

Ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon titi. Mai shagon da ke kallon gidan ya ɗaga masa hannu ya ce, "Gobe ne ko? Allah ya ba Likitarmu sa'a." Ya amsa da amin.

Da ta gama ya zauna ya gwada da na bayan littafin, yana bi da yatsa. Ko rabin rabi ba ta samu ba. Ya sake bi daga ƙasa zuwa sama ko shi ne ya tsallake layi. Bai tsallake ba.

"Kin sani?" ya tambaye ta.

Ta ɗaga kai alamar e.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Baba."

"Shi ne kika bar ni ina ta tafi kamar mahaukaci?"

"Na so in faɗa." Hawaye ya zubo mata. "Ran da na fara cinye tambayoyin duka, har ƙarin abinci ka nema. Sai na ce bari in riƙa karantawa ni kaɗai in cike, ba sai ka sani ba. In na buɗe kuma ba ya shiga."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Uwar ta ajiye bokiti ta zo ta zauna kusa da 'yar.

"To yanzu kuka ne zai rubuta miki? Tashi ki wanke fuska. Kai kuma ba ta littafinta, ka je ka kai wa mutane ƙofarsu."

Bai je ba. Ya hau babur ya nufi gidan wani malamin makaranta da ya taɓa yi wa kujeru, aka ce ya yi tafiya. Ya dawo ya tarar da Likita ta baje takardu a ɗaki, tana maimaita sunayen sinadarai tana rufe ido, ta buɗe, ta koma farko. Ya tsaya a bakin labule. Yana so ya ce ta kawo ya tambaye ta, ya san ba dama. Sai ya koma tsakar gida ya kama ƙafar bencin da ba abin da ya same ta yana ƙara mata ƙusa, har matarsa ta leƙo ta ce ƙarar na damun yarinya.

Da safe Likita ta kurɓi shayi kaɗan ta ture. A kan babur ma takarda na hannunta, yana jin leɓɓanta na motsi a bayansa. A ƙofar makarantar yara sun yi cincirindo, kowa da littafi a buɗe, wasu na tambayar juna suna ihu. Mai gadi ya ce a ajiye takardu a waje. Ta miƙa wa ubanta nata.

"Ki nutsu," ya ce. "Wadda kika sani ki fara da ita."

"To, Baba."

Ya zauna a inuwar katanga tare da wasu iyaye. Wani mai ƙaton tumbi yana ba da labarin malamai biyu da ya ɗauko wa ɗansa. Ya juyo ya tambayi kafinta, "Kai wa ya koya wa taka?"

"Ni ne," ya ce.

"Kai, madalla! Ashe gida ne na masu ilimi."

Kafinta ya kawar da kai.

Rana ta take sosai kafin a buɗe ƙofa. Yara suka fito a guje suna gardama kan amsoshi. Likita ta fito ita kaɗai daga baya, ba ta tsaya wurin kowa ba. Bai tambaye ta ba, ita ce ta faɗa.

"Tambayoyin zaɓi duk na cike, yawanci canka na yi. Na rubutu kuwa, abin da na sani bai cika shafi ba. Ba zan ci ba, Baba. Kada ka sa rai."

"Ai ba ke za ki duba ba," ya ce.

"Baba."

Ya taka babur, ya ƙi tashi. Ya sake takawa, ya sake, gumi na sauko masa, mai tumbin nan ya wuce su a mota yana ɗaga hannu. Likita ta ce ya bari haka. Ya kama kan babur ɗin, ita ta dafa baya, suka tura shi gefen titi suka nufi gida.