Waƙar Goyon Ari

Shekara biyu Tani ta yi tana renon Ari, ɗan Gudrun, wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Aisland. Uwar ta koya mata waƙar lallashin yara ta garinsu, baiti huɗu da ta gada wajen kakarta. Tani ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Ta dai haddace, tana rera masa a goye har ya yi barci.

Da aikin Gudrun ya ƙare suka koma ƙasarsu, halas, shi ke nan. Tani ta koma ɗakinta na unguwar Bani Malik, babu mai kiran sunanta.

Bayan mako uku, da la'asar, Gudrun ta bugo waya.

"Tani, yaron nan ya ƙi barci. Na rera masa, ya ce ba haka ba ne. Ki taimaka."

Tani ta buɗe baki, waƙar ta ƙi fitowa. Ba ta taɓa rera ta babu nauyi a bayanta ba. Sai ta goya matashin kai, ta tamke zani, ta fara jijjiga. Nan take waƙar ta zo.

Kukan Ari ya lafa, aka kashe wayar. Har aka kira magariba Tani ba ta kwance goyon ba.