Kawu Stoil Bai Ga Shamuwa Ba

Ni na kai wa Kawu Stoil karen, kuma ba don ina ganin ya dace da shi na kai masa ba. Duk wanda na tuntuɓa ya ƙi. Gidana ɗaki biyu ne a hawa na biyar a garin Yambol, kuma tuni kyanwoyi da wani tsohon kare makaho suka cinye wurin. Dafina, wadda ke jagorantar 'yar ƙungiyarmu ta ceton karnuka, ba ta ɓoye mini komai ba. In ba a samu mai riƙo ba, za a yi masa fiɗiya, a maƙala masa alama a kunne, a mayar da shi inda aka tsince shi. Inda aka tsince shi kuwa bakin babban titi ne, bayan gidan mai, kusa da gawar uwarsa.

Kwikwiyo ne toka-toka, ƙafafunsa sun fi jikinsa girma. Wani ya taɓa jibgarsa, kuma na tabbata namiji ne, domin da ya ji muryar namiji sai ya saki fitsari ya manne da bango. Ga shi wanda ya rage mini namiji ne, yayan mahaifiyata, mai shekara saba'in da shida, wanda ya ƙare aikinsa yana gadin inda hanyar jirgin ƙasa ta ratsa titi a ƙauyenmu. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune.

"Kawu, riƙo ne kawai," na ce. "Da ya saba da mutane, akwai masu ɗaukarsa a Jamus."

"Jamus kuma!" in ji shi. "Ɗana yana can, 'yar maƙwabciyata Ginka tana can, yanzu karnuka. Saura kaji su nemi fasfo."

"Kuma ba a waje za ka ɗaure shi ba fa. Cikin gida zai zauna."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Nevena, kanki ɗaya kuwa? Kare ai da sarƙa aka san shi, a gindin rumfa."

Ya yi mita har na gaji da ji, amma bai ce in tafi da shi ba. Ya leƙa cikin kwalin, ya ga abin da ke rawar jiki a ciki, ya cire hularsa ya ja da baya. Shi ya raɗa masa Sivko, wato mai ruwan toka, saboda launinsa.

Da na koma ƙarshen mako, ƙanƙara ta rufe tsakar gida. Kawu, kamar kowane tsoho a ƙauyen, ɗaki ɗaya yake hura wa wuta da sanyi, a nan yake ci, a nan yake kwana. Na tura ƙofa na iske murhu yana ci, ɗaki ya yi ɗumi, kare yana ƙarƙashin gado, mai gida kuwa babu shi. A madafar waje na same shi, wadda ba a shiga sai lokacin zafi, ya shimfiɗa katifa a kan benci, ya lulluɓa da tsohon kwat ɗinsa na aikin jirgi.

Raina ya ɓaci, na buɗe masa wuta. "Kashe kanka za ka yi saboda kare? Da wannan tarin naka?"

"Ba ya cin abinci in ina ɗakin," ya ce. "To ɗayanmu ne zai fita. Shi ne baƙo."

Baba Ginka, maƙwabciyarsa, wadda ba abin da ke wuce kunnenta, ta ɗago kai ta kan shinge. "Stoil! An ce ka yi sabon mai gida, ya koro ka madafa! Yana barinka ka sha shayi kuwa?"

"Ya fi marigayi mijinki kirki," in ji Kawu. "Shi aƙalla ba ya shan barasata."

Ni mutum ce mai gaggawa, kowa ya sani. Da ni ce, da tuni na ja karen nan daga ƙarƙashin gado na rungume shi ko yana so ko ba ya so. Kawu kuwa ya yi rayuwarsa yana jiran jirgin da bai cika zuwa a kan lokaci ba, jira ba ya damunsa. Kowace safiya zai shiga ya ƙara itace, ya ja kujera bakin ƙofa, ya zauna ya ba ɗakin baya. Ba ya waiwaye. Sai ya ajiye ɗan cuku a ƙasa bayan kujerar, ya buɗe tsohuwar jarida ya riƙa karanta labarin ƙwallo da ƙaramar murya, don karen ya ji namiji yana magana ba abin da ya biyo baya. Na taɓa zama na kalle shi ta taga har ƙafata ta yi sanyi. Ban taɓa ganin mutum ya ba wata halitta baya cikin ladabi irin haka ba, kuma tun daga ranar na daina yi masa faɗa.

Cikin Fabrairu wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aiki a kantin magani. Kawu ba ya kiran kowa, sai na ɗauka da sauri.

"Lafiya, Kawu?"

"Ya shinshina gwiwar hannuna," ya ce, ya kashe wayar.

Daga nan abu ya miƙe. Sivko ya fito daga ƙarƙashin gado, Kawu ya koma ɗakinsa, na ɗauki hotuna na tura wa Dafina. Wasu ma'aurata a Jamus, masu lambu da yara biyu, suka ce suna so. Motar da ke kai karnuka za ta tashi tsakiyar Maris. Abu ɗaya ya rage: har yanzu ba ya yarda a taɓa masa wuya, kuma ba a saka kare a mota babu abin wuya da igiya.

Ranar ɗaya ga Maris na je da martenitsa, zaren nan ja da fari da muke ɗaura wa juna don tarbar ƙarshen sanyi, na ɗaura wa Kawu a hannu, shi ma ya ɗaura mini, muka yi wa juna fatan lafiya kamar kowace shekara. Sai ya ciro wani daga aljihu, mai kauri, wanda ya murza da kansa da ragowar ulun matarsa. Ya durƙusa a gefen karen, ba a gabansa ba, yana ta surutun wani wasan ƙwallo da aka yi tun ban zo duniya ba. Hannunsa ya zagaya wuyan a hankali. Sivko ya ƙame, kunnuwa a kwance, amma bai gudu ba. Da aka ƙulla zaren sai ya yi hamma ya kwanta. Na yi kuka, ban ji kunyar yinsa ba. Kafin mako ya zagayo yana bin Kawu da igiya har shagon burodi.

Ana gobe motar za ta tashi na je da keji. Kawu ya tare ƙofa.

"Ba yanzu ba. Zaren yana wuyansa. Kin san ba a cirewa sai an ga shamuwa."

"Sai su cire masa a Jamus."

"Su wa? Sun san kan abin ne? A nan aka ɗaura, a nan za a kwance a rataya a bishiyar tuffar nan."

Na yi tsaki, na kira Dafina, aka ɗaga tafiyar zuwa mota ta gaba. Ba a jima ba shamuwa suka iso. Sheƙarsu kuwa tana kan falwayar da ke daidai ƙofar gidan Kawu, tun ina yarinya a nan take. Ƙauye duka ya kwance zarensa, itatuwa suka yi ja da fari. Kawu kaɗai ne bai ga komai ba. Ya janyo hula har kan hanci. Ya koma fita ta ƙofar lambu. Ranar da dole ta sa ya bi ta gaba, laima ya buɗe, rana tana haskawa tarwai, tsuntsayen suna kaɗa baki kaf-kaf-kaf a bisa kansa.

"Stoil, ɗaga kai mana!" Baba Ginka ta ƙwala masa. "Sun kusa yi maka kashi a laima!"

"Wuyana ya sage," ya ce, bai tsaya ba.

Kowa dariya yake yi, ni ban yi ba, domin na gane. Ƙungiyarmu ba ta ba tsohon da ke zaune shi kaɗai ƙaramin kare ya zama nasa. Ni ma da bakina aka kafa dokar, don ni nake zuwa ɗauko karnukan da masu su suka mutu suka bari, wani a ɗaure, wani a kulle a ɗaki. Na sha ba da wannan labari a teburin Kawu. Ya san ba za a ba shi ba, kuma ba mutumin da zai roƙa ba ne. Shi ya sa ya fake da tsuntsu.

Na same shi a lambu yana gyaran kunyar albasa, Sivko yana tona a inda bai kamata ba.

"Kawu, motar jibi ce ta ƙarshe. Mutanen sun ce in bai zo ba za su ɗauki wani. Faɗa mini da bakinka abin da kake so."

Ya jingina fartanya.

"Me zan faɗa? Irin wannan kare yakan daɗe, ni kuwa ba zan daɗe ba. Dokarku daidai take. Cikin ƙanƙara ya zo, so na yi in ga ya yi gudu a kan ɗanyar ciyawa, shi ke nan. Na gani."

Ya tura hularsa baya, ya ɗaga kai ya dubi falwayar sosai, kamar mai gaida tsohon aboki. Ya sunkuya ya kwance zaren daga wuyan Sivko, ya kwance nasa, ya rataya su a reshe ɗaya.

"Ɗauko kejinki," ya ce. "Ki gaya musu kada namiji ya tunkare shi ta gaba."

Na fita waje kamar zan ɗauko kejin, na shiga mota na kira Dafina. Mun yi ta sa-in-sa har Baba Ginka ta fito da kujera. Na ce mutanen Jamus za su samu wani kare, akwai su birjik, amma wannan karen mutum ɗaya ya sani a duniya. Ta ce doka doka ce, kuma ni na fi kowa sanin dalilinta. A ƙarshe ta ce hanya ɗaya ce: wani mai ƙarancin shekaru ya tsaya a matsayin mai shi na biyu, ya ɗauki alkawarin karɓarsa ranar da tsohon ya rasu.

"Ni," na ce.

"Ke da hawa na biyar da kyanwoyinki? Kin san abin da kike ɗaukar wa kanki?"

"Na sani. Sa sunana."

Na koma na gaya wa Kawu. Na zaci zai rungume ni, ko aƙalla ya ce madalla. Bai yi ko ɗaya ba. Ya share hannu a wando, ya shiga ɗaki ya fito da igiyar, ya ɗaura wa Sivko, ya danƙa mini ita a hannu. Sannan ya koma ciki ya rufe ƙofa, na ji ya sa sakata.

Karen ya ruɗe. Ya yi ta karta ƙofar yana kuka, yana jan igiyar har ta ci mini tafin hannu.

"Kawu, mene ne haka? Na ce maka ya zama naka!"

Muryarsa ta fito ta bayan ƙofa. "Na ji. Tafi da shi har gada ki dawo, ke kaɗai. Akwai cuku a kan taga, kada ki dawo da shi sai ya ci daga hannunki. Kuma kowace Lahadi haka za ki zo ki yi."

"Yau ɗin nan? Ka bari mana ya huce."

"Yau. Ranar da za ki zo ɗaukarsa ba na nan, ba na so ta zama ranar farko da ya bi ki."

Na tsaya da igiya a hannu. Na ɗauki cukun na sa a aljihu, muka kama hanyar gada, ina ja yana turjewa. Sivko yana tafiya yana waiwaye, ni ma haka. Labulen tagar ya ɗan motsa sau ɗaya, sannan Kawu ya ja da baya don kada karen ya gan shi.