Gawayin da Asta Ta Wanke

Duk unguwar Kachalla Sembe ta Jalingo an san Asta da wanki. Ba sana'arta ba ce, halinta ne. Ko ledar burodi ba ta tsira a hannunta, sai ta wanke ta shanya ta ninke. Mijinta Jibrilla kan tsokane ta, wai wata rana zai farka ya tarar an wanke shi an rataye a igiya. Da ya rasu ya bar mata gida, da 'yarsu ɗaya Suwaiba, da rijiyar da ya haƙa a tsakar gida, mai ruwa garau da sanyi ko a tsakiyar zafin Maris.

Daga rijiyar nan wata ma'aikaciyar gwajin ruwa mai suna Lucy ta ɗebi kwalba biyu, bayan wata guda ta dawo fuska ba walwala. Ta ce akwai sinadari a ruwan, ya tsiyayo ta ƙarƙashin ƙasa daga ramin da wani kamfanin tamfol, wanda ya daɗe da rufewa, yake zubar da shararsa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Tafasawa ba ta kashe shi, alif ba ya kwantar da shi, kuma in ya shiga jinin mutum sai ya yi shekaru bai fita ba. Asta ta ji haushi ƙwarai. A ce rijiyar Jibrilla da dauda, ita da take share bakinta sau biyu a rana.

Amma ta karɓi abin da Lucy ta kawo: bokiti biyu, ɗaya bisa ɗaya, a tsakaninsu jakar baƙin gawayi ƙanana kamar tsakin masara. Lucy ta ce ba irin na murhu ba ne, an gasa shi a masana'anta har ya yi ramukan da ido ba ya gani, a cikinsu sinadarin yake maƙalewa. Duk wata uku za a kawo sabo a tafi da tsohon. Sau biyu aka kawo. Daga nan aikin ya ƙare, aka mayar da Lucy wani gari, lambar wayarta ta daina shiga.

Da wata ce, wataƙila da ta haƙura ta ajiye bokitan. Asta kuwa ta dubi gawayin ta yi tunanin da ta yi duk rayuwarta: abin da ya kwashi dauda, wanke shi ake yi. Ta juye shi a babban kwano ta yi masa ruwa bakwai, sai da ruwan ya fita fes. Ta baza shi a tabarma kwana uku tana korar kaji. Da ta ga ya ragu, ta daka gawayin ƙirya a turmi ta tankaɗe ta cike giɓin. Duk wata uku haka take yi, ba ta taɓa kuskuren rana ba.

A lokacin Suwaiba na gidan mijinta a unguwar Barade da cikin fari. Ruwan burtsatse suke saya. Wata rana Asta ta je dubiya ta leƙa jarkar mai ruwa, ta ga gansakuka a gindinta, ai kuwa ranar mai ruwa ya sha faɗa. Ta kafa doka: daga yau Suwaiba ba za ta sha ruwan kowa ba sai wanda uwarta ta tace. Kowace Litinin da Alhamis Manga mai keke napep yake ɗaukar jarka biyu daga Kachalla Sembe zuwa Barade. Aka haifi 'ya mace, aka sa mata sunan kakarta, ana kiranta Hamna. Da ruwan aka dama kunun jego, da shi aka fara ɗura wa jaririyar koko. Wata goma sha huɗu ana haka, Asta na alfahari da abinta.

Sai ga Lucy ta dawo Jalingo, ta biyo da sabuwar jakar gawayi don ta tuna da Asta. Asta ta tarbe ta da murna, ta ja ta wajen bokitan tana ba ta labarin dabararta, tana jiran yabo. Lucy ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi magana mai tsawo ba. Ta ɗebi ruwan rijiya, ta ɗebi na bokiti, ta tambayi kwatancen burtsatsen Barade, sannan ta sa sabon gawayin da hannunta. Ta roƙi Asta ta dakatar da aiken jarkoki. Asta ta ce to, amma a ranta ta ce yaran zamani da tsoro, ga sabon gawayi ma an sa, ta ci gaba da aikawa. Ta dai ƙi faɗa wa Suwaiba komai.

Bayan mako uku Lucy ta zo da takarda. Ruwan burtsatsen Barade lafiyarsa lau. Wanda ya fito ta gawayin da aka wanke kuwa ya fi na rijiyar kanta sinadari.

"Mama, gawayin nan ya cika tun bara," in ji Lucy. "In ya cika ba ya riƙe komai. Har wanda ya sha a baya ma yana sakewa cikin ruwan."

"Ruwa bakwai nake masa."

"Ko ɗari ne, Mama. Ruwa ba ya fitar da shi, rana ba ta fitar da shi."

Asta ta tambayi abin da take tsoro, batun jikarta. Lucy ba ta ɓoye mata ba: sinadarin yana ratsawa daga uwa zuwa ɗa tun a ciki, yana bin nono. Ba wanda zai ce mata ga abin da zai faru. Wataƙila ba a ga komai ba, wataƙila sai bayan shekaru. Babu maganin da za a sha ya wanke jini. Kada dai a yaye yarinyar, don nono ya fi mata komai duk da haka. Asta ta rasa yadda abu ɗaya zai zama shi ne cutar, shi ne kuma abin da ba a hanawa. Baƙin ciki ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Jibrilla.

Ran Alhamis Manga ya zo da hantsi. Ta shiga kekensa hannu wofi, ya tambayi jarkoki ta ce babu, ya ja keken su tafi Barade.

Suwaiba ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa ta miƙa mata ruwa a kwanon sha kamar yadda ake wa duk wanda ya shigo daga rana.

"Naki ne, Inna. Ko ɗigo na waje ban taɓa sha ba, ita ma ban ba ta ba, yadda kika ce."

Asta ta dubi ruwan. Garau yake, har tana ganin zanen gindin kwanon. Ta shanye shi tas, ta kife kwanon, sannan ta faɗi komai, daga kamfanin tamfol har zuwa turmi da tabarma. Ba ta rage laifinta ba, ba ta kuma nemi a ce mata ba komai.

Suwaiba ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon jarkokin da ke jingine a bango. Can Hamna ta farka a ɗaki da kukan yunwa, uwar ta ɗauko ta ta ɗora a cinya. Yarinyar na ta laluben riga. Suwaiba ta kai hannu, sai ta tsaya, ta ɗago ido ta dubi uwarta, matar da tun tana ƙarama ta san abin da ke da tsabta da abin da ba shi da ita.

"Inna, in ba ta?"

"Ba ta," in ji Asta, ta juya fuskarta wajen bango.